Mixtard 30 na kwalba: insulin mai sauƙin kuɗi, shi ma yana neman ya gagari talaka

Mixtard 30, wanda kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak yake haɗawa, yana cikin ire-iren insulin da likitocinmu suka saba rubuta wa masu ciwon sukari. Mahaifiyata ta daɗe a kansa, kuma ni ne nake saye, nake adanawa. A ganina magani ne mai aiki wanda ya cancanci a amince da shi, amma tsadarsa ta kai matsayin da iyalai da dama suke rage adadin da likita ya rubuta domin kwalba ta kai su ƙarshen wata.

A cikin kwalbar an gauraya insulin iri biyu: kashi 30 cikin 100 mai saurin aiki wanda yake tarar sukarin abinci, da kashi 70 mai jinkiri wanda yake riƙe jiki tsawon sa'o'i. Ruwan fari-fari ne kamar farau-farau, kuma yakan kwanta idan aka ajiye shi, saboda haka sai an mirgina kwalbar a tsakanin tafin hannu har ya gauraya sosai kafin a zuƙa, ba a jijjiga ta da ƙarfi ba. Galibi sau biyu ake yin allurar, safe da yamma, kimanin minti 30 kafin cin abinci. Idan aka kiyaye wannan tsari, na'urar gwaji takan nuna sukari ya daidaita, ƙishirwa da yawan fitsarin dare kuma su ragu.

Babbar fa'idar kwalba ita ce yawan abin da ke cikinta. Kwalba mai mililita 10 tana ɗauke da yunit 1,000, alhali insulin mai kama da biro yunit 300 ne kawai a cikinsa. Mai yin yunit 40 a rana, kwalba ɗaya za ta kai shi kwana 25, amma biro ɗaya mako guda da ɗan ɗoriya zai yi masa. Idan aka kwatanta da sababbin nau'o'i irin su Lantus na kamfanin Sanofi, tazarar kuɗin tana da faɗi ƙwarai.

Duk da haka farashin ya yi tashin gwauron zabo, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga waje ake shigo da maganin, da dala ake biya, kuma tun da gwamnati ta saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗin magungunan waje ya tashi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kamfanoni uku, wato Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, su ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin ta duniya, wanda ke nufin babu gasar da za ta karya farashi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, masanan da suka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921 sun sallama haƙƙin mallakarsa ga jami'ar birnin a kan dala ɗaya-ɗaya, domin kada kuɗi ya shiga tsakanin majinyaci da rayuwarsa. A Amurka, dokar 2022 ta taƙaita abin da tsofaffi masu inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicare, za su biya zuwa dala 35 a wata. A nan kuwa, yawancin majinyata daga aljihunsu suke biya, ga kuɗin sirinji, ga na tsinkayen gwaji waɗanda su ma ba su da arha. Wanda ya rage allura yana sayen ciwon ƙoda da makanta da gyambon ƙafa ne a sannu, yaro mai nau'in farko na ciwon kuwa yana iya suma cikin 'yan kwanaki idan allurar ta yanke.

Maganin yana da sharuɗɗan da ya kamata mai saye ya sani. Ba ya lamuntar jinkirin abinci: idan aka yi allura kuma tuwo bai sauka a kan lokaci ba, sukari yana iya faɗuwa, sai a ga karkarwa da gumi da jiri. Shi ya sa dabino ko sukari ba ya rabuwa da gefen gadon mahaifiyata, kuma duk mai niyyar azumi wajibi ne ya ga likita kafin watan ya kama. Sannan akwai batun sirinji, wanda yake da haɗari fiye da yadda ake zato. Insulin mai ƙarfin yunit 100 a kowace mililita sirinjin U-100 yake buƙata. Idan aka zuƙa shi da na U-40, wanda aka yi don insulin mai yunit 40 a kowace mililita, majinyaci zai karɓi ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa.

Adanawa ita ce matsala ta ƙarshe. Kwalbar da ba a buɗe ba tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ta daskare ta lalace. Na daina saye a wani kantin magani da na tarar firijinsa a kashe da tsakar rana, na koma inda suke da sola, ina kuma duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. A gida, binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka wallafa a 2021 ya nuna cewa kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta na mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Idan wuta ta ɗauke, mukan sa kwalbar a roba mai murfi mu binne ta cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, nesa da rana.