Ludo King: lidon gidanmu ya koma cikin waya

Allon lidon gidanmu na Tudun Wadar Zariya yana nan har yau a saman sif ɗin Inna. Gilashinsa ya tsage ta kusurwa, 'ya'yan kore biyu sun ɓata tun ina sakandare, maɓallan riga muke sawa a madadinsu. An fi shekara goma rabon da a sauko da shi, don masu bugawar sun watse. Yaya yana Agege, ƙanina yana koyarwa a Gusau, ni aure ya kawo ni Kaduna.

Lokacin kullen korona a 2020 ne Auta, da take zaune gida da Inna saboda an rufe jami'a, ta turo wasu lambobi a zaurenmu na WhatsApp, ta ce kowa ya sauke Ludo King ya shiga da su. Na ce mata ni na girmi wasan waya. Daren nan sai da muka kai ƙarfe ɗaya.

Abin da ya fara saye ni shi ne babu abin koyo. Mutum ɗaya ya buɗe ɗaki, manhajar ta ba shi lamba, ya tura wa sauran, kowa ya shigo ya kama launinsa, shi ke nan. Tsohuwar wayata mai cikakken ciki ma ta ɗauke shi ba gardama, kuma ban ga yana zuƙe data kamar kallon bidiyo ba. Kyauta ne, da talla masu shi suke cin abinci, don haka za ki riƙa ganin talla tsakanin wasa da wasa. Wani kamfanin Indiya mai suna Gametion ne ya fito da shi a 2016, kuma a Play Store kaɗai an sauke shi fiye da sau miliyan 500. Ƙanina, da yake malami ne ba ya barin magana ta wuce haka nan, ya ce ai kayansu suka karɓe: asalin wasan Pachisi ne na Indiya, Turawan Ingila suka rage masa tsawo suka yi masa rajista da sunan Ludo a 1896, daga nan ya iso mu muka mai da shi lido.

Sai dai wanda ya tashi da lidon tsakar gida sai ya yi haƙuri, don dokokin ba namu ba ne. Mu dayis biyu muke kaɗawa a ɗan kofi, a nan guda ɗaya ne. Babu siki-siki ke nan, babu wannan ihun da ake yi idan shida biyu suka faɗo tare. A gida idan kika ci ɗan wani, naki ma ya fita ya huta. A nan kuwa kin kora nasa gida, an ƙara miki jifa ɗaya, amma naki yana nan kan hanya sai ya zagaye allon kaf, kuma ana iya rama miki kafin ki ƙifta ido. Akwai gidaje masu tauraro da ba a cin kowa a kansu, inda Yaya yake zuwa ya laɓe kamar mai gudun bashi. Idan kuma shida ta fito miki sau uku a jere, ta ukun ta tashi a banza. Ranar da wannan ta fara samuna na ɗauka waya ce ta lalace.

Da farko na ji haushin canjin, daga baya na ga amfaninsa. Babu mai ƙara gida ɗaya a ɓoye wajen ƙirga, babu mai cewa dayis ya hau gefe a sake. Yaya, wanda shekara da shekaru yake cinye mu a kan allo, tunda aka koma waya sai ya zama kamar kowa. Ba mu ce komai ba dai.

Na gwada bugawa da baƙi, tunda akwai wurin da ake haɗa mutum da duk wanda ke kan layi daga ko'ina. Bai yi mini armashi ba. Ki ci ɗan wanda ba ki sani ba, to sai me? Wasu ma da sun ga za a cinye su sai su fice. Daɗin yana wajen sanin fuskar da ƙanina yake yi a Gusau lokacin da na kora ɗansa saura taku biyu ya shige. Shi ya sa muke haɗa kiran WhatsApp a wayar maigidana mu ajiye a gefe. A tsakanin jifa da jifa nake jin labarin da ba a kira musamman don a faɗa: an ƙara wa Yaya kuɗin haya, ƙafar Inna ta sake kumbura, wance ta haihu. In ka kira Yaya haka kawai, gaisuwar minti biyu ce sai "to madalla, a gaida yara". In ana lido kuwa sai ya yi minti arba'in yana zuba.

Tsabar da ake shiga wasa da ita ta wasa ce, ba a cire ta a kashe, ni kuma ban taɓa sa ko sisi na saya ba. Na faɗi haka ne saboda akwai wasu manhajojin lido dabam da ake zuba kuɗi na gaske, wannan kuwa caca ce, iyaye su duba abin da yara suka sauke. Matsalarmu ta kullum sabis ne. Kowane jifa yana da ƙayyadadden lokaci, in layin mutum ya yi rauni sai damarsa ta wuce, ya dawo ya tarar an yi masa ɓarna. Ƙa'idarmu kuma, sai bayan Isha'i, wasa biyu, don na taɓa ƙona miyar kuka a kan jiran shida.

Sallar layya da ta wuce duk mun haɗu a Zariya. Auta ta hau kujera ta sauko da allon, muka kakkaɓe ƙura, sai aka nemi dayis aka rasa. Muka ɗora wayar Yaya a kan gilashin, muka zaɓi wasan waya ɗaya da ake miƙa wa juna, muka zagaye ta a tabarma. Inna tana gefe tana yanka albasa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ku dai kula da hannun yayanku."