Sharhi kan shirye-shiryen Africa Eye: waɗanda suka cancanci a kashe musu data

Tun 2018 da BBC ta buɗe sashen binciken ƙwaƙwaf na Africa Eye nake bibiyar shirye-shiryensa a YouTube. Ba dukkansu ne suka kwanta mini ba, amma uku daga ciki sun canza yadda nake auna dokumentari, har ta kai yanzu ba na iya zama gaban irin shirin nan da mutum ɗaya zai yi ta zuba a kan hotunan da ya tsinto a intanet, ga kiɗan tsoratarwa, ba shaida ko ɗaya. Abin da nake nema shi ne a nuna mini ta yaya aka san abin da ake gaya mini.

Wanda ya fi burge ni shi ne mafi gajarta, Anatomy of a Killing, bai ma kai kwata na awa ba. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya yi ta yawo a wayoyi, inda aka ga masu kakin soja sun tasa mata biyu da ƙananan yara biyu a gaba, suka rufe musu ido, suka harbe su. Gwamnatin Kamaru ta ce ƙarya ce, ba sojojinta ba ne. Masu binciken ba su tsaya musu da kowa ba. Suka ɗauki zanen saman tsaunin da ke bayan sojojin, suka yi ta gwada shi da hotunan tauraron ɗan Adam har ya zo daidai da wani wuri kusa da Zelevet, a arewa mai nisa ta Kamaru, dab da iyakarmu ta Najeriya. Daga nan suka dubi gine-ginen da ke cikin bidiyon, wanne aka riga aka gina, wanne ba a fara ba, suka gano shekarar. Sai suka auna inuwar sojojin a ƙasa, ta nuna musu inda rana take, suka ce abin ya faru ne tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. Hatta bindigar da ke hannun ɗayansu sun gano ƙirar Sabiya ce, irin wadda wasu rundunonin Kamaru ke riƙewa. Kana kallo ana ɗora layi a kan layi a gabanka, kai da kanka kake gamsuwa. A Satumbar 2020 kotun soja ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma. Ni a ganina hukuncin ya yi kaɗan a kan rayuka huɗu, amma ba don wannan aikin ba da wuya a ce an kai ga kotun ma.

Na biyu shi ne Sweet Sweet Codeine, wanda Ruona Meyer ta gabatar. Mu nan Kaduna ba sai an ba mu labarin kodin ba, mun ga kwalaben a kwatoci da bayan makarantu. Abin da shirin ya ƙara mana shi ne hanyar da kayan ke bi: kyamarar ɓoye ta ɗauki ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da katan-katan ba takardar likita, sannan aka shiga wani gidan gyaran hali a Kano aka nuna matasa ɗaure da mari. An ambaci ƙiyasin Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa kaɗai. Shirin ya fito ƙarshen Afrilun 2018, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mai gabatarwar ta faɗi cewa ƙaninta ma ya faɗa wannan masifa, shi ya sa ba ka jin tana kallon yaran nan a wulaƙance.

Na ukun ne ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ne wanda har yau ake jayayya a kansa: The Bandit Warlords of Zamfara, na Yulin 2022, wanda Yusuf Anka, ɗan asalin jihar, ya shiga daji ya yi. Ku tuna halin da muke ciki a lokacin. An kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, an shiga jami'ar Greenfield a Afrilu, an ɗauki yaran makarantar Bethel Baptist a Yuli, ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 da wasu fasinjojinsa ke hannu har lokacin da shirin ya fito. Hanyar Birnin Gwari kuwa sai da addu'a. A cikin wannan yanayi ne muka ga fuskar Ado Aleru, ɗaya daga cikin shugabannin 'yan bindigar, a waya, yana maganar kashe mutane kamar mai ba da labarin cinikin shanu.

Da kawuna muka kalla a ƙofar gidansa a Tudun Wada bayan sallar isha'i, wayar tana jingine da butar shayi. Da aka zo wurin hirar sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, tsayar da shi tukuna. Wannan mutumin da ya hana mu zuwa gona, shi ne aka ba wa wurin zama yana magana?" Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a ji ƙarshensa." Bai ƙara cewa komai ba har aka gama, sai ya ce a maimaita masa wurin da iyayen 'yan matan makarantar Jangebe da aka sace ke jiran 'ya'yansu.

Damuwar kawu ba ta banza ba ce, kuma hukuma ma ta tsaya a kanta: a Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da kafofin watsa labarai ta ci tarar kamfanonin talabijin na tauraron ɗan Adam da suka haska shirin naira miliyan 5 kowanne, ta kuma ci Trust TV irin wannan tara kan nata shirin na 'yan bindiga. Ni dai ban yarda shirin ya ɗaukaka 'yan bindigar ba. Bakinsu ne ya tona musu asiri, kuma an ba waɗanda aka zalunta, Hausawa manoma da Fulanin da 'yan sa-kai suka ƙona wa rugage, lokaci su faɗi nasu. Yawancin maganar da Hausa ake yin ta, saboda haka mu muna jin abin da rubutun fassara ba ya iya ɗauka, kamar yadda muryar uba ke karyewa a tsakiyar magana. Inda na so a ƙara zurfafawa shi ne batun makamai da kuɗin fansa, ta ina suke shiga, a hannun wa suke ƙarewa.

Ga mai son kallo, shirye-shiryen kyauta ne, data kawai za ka saya. Ka sauke su da garaɓasar dare, ka rage ingancin hoton, minti hamsin ba zai cinye maka da yawa ba. Na Kamarun dai ka bar shi da ɗan kyau, don sai ka ga layin tsaunin da inuwar sosai. Kada a kalli na Kamaru da na Zamfara da yara a kusa, akwai jini da gawa.

Abin da nake jira yanzu shi ne masu kyamara na garin nan su ɗauki wannan salon su shiga Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, kuma tsofaffin ma'aikatan suna nan da ransu a Makera da Nasarawa, wasu da katin aikinsu a ajiye. A zauna da su, a ciro takardu, a nuna mana wa ya yanke wace shawara kuma a wace shekara.