Hattara da mai tallan hannun roba na lantarki a intanet

Rabin kuɗi yake karɓa kafin alƙalami. Rabin kuɗi, daga mutumin da ya rasa hannu, alhali ko awon dungunsa bai yi ba! Wallahi abin ya ƙona min rai.

Bidiyon da yake tallan hannun da shi, shi ne tarkon. Yatsu biyar suna motsi ɗaya bayan ɗaya, hannun ya ɗauki gorar ruwa, ya ajiye a hankali. Ku sake kallo: gorar babu komai a ciki, kuma ba a nuna dungu a cikin soket, wato kwaroron da ake zura dungu a ciki, ko sau ɗaya ba. Waɗanda suka biya ba wawaye ba ne. Mu da muke aikin hannun roba ma sai da muka maimaita bidiyon kafin muka gano.

Abin da ke isowa hannun leda ne mai zare, wanda sai an lanƙwasa wuyan hannu yake damƙa. Wanda aka yanke masa a ƙasan gwiwar hannu ina ya ga wuyan hannu? Kafin nan ma mai tallan ya ce sai an cika ragowar kuɗin, wai kaya sun maƙale a hanya. Batun awo kuwa, tun ranar farko ya ce hoton dungu ya isa. Ƙarya ce. Hannun lantarki na gaske sai an ɗauki siffar dungu da filasta ko na'ura, an gwada inda tsoka ke ba da sigina, sannan a dasa na'urorin jin siginar a cikin soket, galibi biyu, su manne da fata. Soket ya yi sako-sako ko gumi ya taru, hannun ya daina jin magana.

Yana kuma zagin ƙugiya mai igiya, wato hannun roba mai aiki da ƙarfin jiki, wai tsohon yayi. A Cybathlon, gasar masu amfani da gaɓoɓin roba da na'urorin taimako, ta 2016 a Zurich, hannu mai aiki da ƙarfin jiki ne ya lashe tseren, ya doke na lantarki. Wajen tsintar ƙananan abubuwa da aiki cikin ruwa ko ƙura, ƙugiyar ta fi dogara, kuma mai ita yana jin ƙarfin riƙonsa ta igiyar.

Hotunan hirarsa da shaidar biyan rabin kuɗin suna nan, zan ɗora su.

Kada ku biya sai mai dungu irin naku ya murɗa makulli, ya saka maɓalli, ya zuba ruwa a kofi da hannun a gabanku.