Daga waya zuwa talabijin: filas, igiya ko dongul, wanne za ka saya?

Bayan bikin ƙanwata da kakar bana, mai ɗaukar hoto ya turo mini bidiyon kamu da na yinin biki a waya. Inna ta ce a nuna mata. Na miƙa mata wayar, ta kai ta dab da hanci, ta janye, ta sake matso da ita, can ta ce, "Ɗan nan, ni fa ban da jan mayafi ba na ganin komai." Abin ya tsaya mini a rai, domin ita ta sha wahalar bikin nan fiye da kowa, ga shi fuskar 'yarta ma ta gagare ta gani. Alhali ga talabijin mai inci 32 a rataye a ɗakin Yaya, sola na ba ta wuta kullum da yamma.

Da ranar kasuwa ta zo na je na sayi igiya wurin wani mai tebur. Baki ɗaya na shiga waya, ɗayan na shiga talabijin, kwalin ma har da hoton iyali suna kallo suna murmushi. Na dawo gida, yara suka cika ɗaki, aka shimfiɗa wa Inna darduma a gaba, na jona. Talabijin ta nuna shuɗi da rubutun No Signal. Na cire na mayar, na juya baki, na kashe na kunna, shiru. Igiyar lafiyarta ƙalau. Wayata ce ba a yi ta don wannan aikin ba, ni kuma ban sani ba sai da kuɗi suka fita. Wannan ne ya sa na zauna na bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya maimaita asarar da na yi.

Kafin ka taɓa aljihu, ka leƙa bayan talabijin ɗinka da tocila. Idan ka ga rami mai ɗan faɗi an rubuta HDMI a gefensa, kana da sa'a. Idan akwai na USB, irin wanda ake sa filas, to ka ƙara sa'a. Idan kuwa ramuka uku ne kawai masu launin rawaya da fari da ja, irin na tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, akwai maganarta can gaba.

Na fara da igiyar, tunda ita ta cinye mini kuɗi. Yawancin wayoyin yanzu bakin cajinsu USB-C ne, wanda ake sa shi ta kowace fuska. Sai mutum ya ɗauka duk USB-C ɗaya ne. Ba haka ba ne. Kafin hoto ya fita ta bakin caji, sai an gina wa wayar wata fasaha a cikinta da ake kira DisplayPort Alt Mode, kuma kamfanoni sun fi sa ta a manyan wayoyi masu tsada. Samsung ya fara sawa tun daga Galaxy S8 a 2017, ya ci gaba a jerin S da Note. iPhone 15 da ta fito a 2023 tana da ita. Amma akasarin wayoyin da ke hannunmu a karkara, su Tecno Spark da Infinix Hot da itel da mafi yawan Samsung na jerin A, bakinsu na caji ne da tura fayil kawai. Ko igiyar zinare ka sa musu ba za su fitar da hoto ba, kuma babu manhajar da za ka sauke ta gyara wannan, domin abin a jikin ƙarfen wayar yake. Masu iPhone 14 zuwa ƙasa, masu bakin Lightning, nasu adaftan daban ne, na Apple na asali yana da tsada, na kwaikwayo kuma yakan nuna hotuna da bidiyon da ke cikin waya amma ya yi baƙi ƙirin idan aka buɗe Netflix, saboda kariyar da aka sa wa fina-finai don hana kwafa. Wanda wayarsa ke karɓar igiya, gaskiya babu abin da ya kai ta: hoto tas, sauti daidai da baki, ba ta neman data ko sabis. Ya dai zaɓi adafta mai ƙarin ramin caji a gefe, don batirin waya na zuba sosai lokacin da take aika hoto.

Akwai wata igiya da nake so in ja kunne a kanta, mai kawuna uku, wadda ake cewa tana yi da kowace waya. Da yawansu sai sun sa ka sauke wata manhaja ko ka kunna USB debugging a can cikin saitin waya. Wannan saitin na masu gyara da masu ƙera manhaja ne, yana ba na'urar da aka jona iko mai yawa a kan wayar. Ni dai wayar da nake karɓar kuɗin riɗi da zoɓo da ita, wadda asusun bankina ke ciki, ba zan buɗe mata wannan ƙofa don kallon bidiyo ba.

Abin da ya fitar da ni kunya a gaban Inna kuwa shi ne mafi araha a cikinsu duka: filas. Ɗan Yaya, wanda ke taya wani mai shagon caji da turi aiki, shi ya ce, "Baba, ai da ka kawo an zuba maka a filas." Akwai filas mai baki biyu, ɗaya na shiga waya, ɗaya na shiga talabijin, ana ce masa OTG. Ka sa a waya, ka kwafe bidiyon, ka zare, ka sa a talabijin, ka danna Source ko Input a rimot ka zaɓi USB. Shi ke nan. Wayarka tana aljihunka, kira ya shigo ba ya katse wa mutane kallo, saƙon da aka turo maka ba ya bayyana a gaban surukai. Ba ya cin data, kuma wutar da yake ja ba ta taka kara ta karya ba, wanda ga mai lallaɓa batirin sola ba ƙaramin abu ba ne. A daren nan Inna ta zauna tana nuna mutane da yatsa tana kiran sunayensu, har ta gane wata ƙawarta da ta zo daga Ringim wadda a ranar bikin ba su samu sun gaisa ba. Sau uku aka maimaita mata wurin da aka fito da amarya.

Filas ɗin ma yana da nasa sharuɗɗan, kuma a nan mutane ke cewa talabijin ta lalace alhali ba ta lalace ba. Talabijin da yawa, musamman tsofaffi da masu araha, sun fi gane filas ɗin da aka tsara shi a FAT32, shi kuma wannan tsarin ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Bidiyon biki mai tsawo sai a ce wa mai turi ya raba shi biyu ko ya rage nauyinsa. Na biyu, irin bidiyon. MP4 da aka matse da H.264 kusan kowace talabijin na karanta shi. Sabbin wayoyi kuma sukan ɗauki bidiyo da H.265, wanda ake kira HEVC, don ya rage cin wuri, tsohuwar talabijin sai ta ba ka sauti babu hoto, ko ta ƙi buɗewa gaba ɗaya. Idan za ka ba mai turi aiki, ka ce masa MP4 na gama-gari kake so. Sai kuma jabu, wanda ya yi yawa. Za ka ga filas an rubuta gigabait 64 ko 128 a farashin da bai kai na 16 ba. Yana nuna girman a waya, yana karɓar fayil, amma da ka wuce ainihin cikinsa sai abubuwan su lalace. Gara ka sayi 32 na kirki, a cika shi a gabanka, a buɗe fayil na ƙarshe ka gani.

Mai tsohuwar talabijin ma kada ya yi saurin sayen wani abu. Risibar tauraron ɗan'adam irin su Strong da ke gidaje da yawa tana da ramin USB, kuma tana kunna bidiyo daga filas ta aika wa talabijin ta igiyar nan mai rawaya da fari da ja. Haka DVD mai USB. Idan babu ko ɗaya, akwai ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa AV, wato ramukan nan uku masu launi, don ka iya jona abin da ke da bakin HDMI. Hanya ɗaya yake aiki, don haka ka karanta jikinsa da kyau: HDMI2AV kake nema, ba AV2HDMI ba, kamanninsu ɗaya. Yana da ɗan makunni a gefe, ka tura shi kan PAL, tsarin da talabijin ɗin Najeriya ke bi, in ba haka ba hoton na iya fitowa babu launi.

To idan abin da kake so shi ne duk abin da ke fuskar waya ya fito a talabijin kai tsaye, karatun malami a YouTube, ko kiran bidiyo da ɗa da ke Legas don kowa ya gan shi, kuma wayarka ba ta karɓar igiya? Nan ne dongul ke shigowa, ɗan abu kamar filas da ake cusawa a ramin HDMI. Iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi farashinsu muhimmanci. Na farko su AnyCast da MiraScreen, masu aiki da Miracast. Waya da dongul suna magana da junansu kai tsaye, ba sai da intanet ba. A Samsung ana samun abin da sunan Smart View, a Tecno da Infinix kuma Cast, idan ka jawo labulen saman waya. Suna da araha, sun kuma dace da ƙauye. Aibinsu, hoto yakan ɗan makara ko ya tsaya cak na ɗan lokaci, suna zafi, kuma da bazara idan ɗakin kwano ya ɗau rana abin yakan ƙaru. Ka ba shi wuta daga kan caja mai kyau maimakon ramin USB na talabijin, wanda sau da yawa rabin amfiya kawai yake bayarwa. Rabin matsalar yankewa daga nan take.

Na biyu su ne Chromecast na Google da Fire TV Stick na Amazon. Sun fi inganci nesa ba kusa ba, amma rayuwarsu intanet ce. Tun saitin farko sai da Wi-Fi da asusu. Google ma ya daina ƙera Chromecast a 2024 ya maye gurbinsa da Google TV Streamer, don haka abin da za ka tarar a kasuwa ragowar kaya ne ko na hannu. Ka kuma yi lissafin data: Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya na iya cin gigabait 1 a hoto na gama-gari, har zuwa 3 a hoto mai kyau. A garin da sai ka fita bakin makarantar firamare kafin sabis ya kama, ban ga dalilin sayen wannan ba. Mai gidan kallo a Wudil ko Haɗeja da ke da rawutar Wi-Fi mai ƙarfi, shi kam zai more shi.

Sai maganar tafiya, don wasu saboda ita suke neman irin waɗannan kayan. Talabijin ɗin ɗakin otal a Makka ko Madina, da ta ɗakin kwana a jiragen ruwan yawon buɗe ido irin waɗanda ke tashi daga Jidda su zaga Bahar Maliya, ba kamar ta gida ba ce. Ana sa su a wani tsari na masauki da ke kulle wasu saituna. Sau da yawa rimot ɗin ba shi da maɓallin sauya hanya, talabijin ɗin kuma a manne take da bango ta yadda hannu da ƙyar zai kai ramin HDMI, a jirgi ma dole a ɗaure ta sosai saboda tangaɗin ruwa. Chromecast a nan yakan zama kaya kawai: Wi-Fi ɗinsu sai an shiga ta shafin rajista, an kuma saba raba na'urorin baƙi don kada su ga juna, alhali shi sai ya ga wayarka zai yi aiki. Intanet ɗin jirgi ta tauraron ɗan'adam take zuwa, yawanci kuma sayenta ake yi daban. Abin da ya fi dacewa da matafiyi shi ne ya sauke abin da zai kalla ko zai saurara tun daga gida, ya riƙe filas, da igiyar HDMI mai tsawon mita biyu da ɗan adafta mai lanƙwasa idan wayarsa ko kwamfutarsa na fitar da hoto. Ya tambayi ma'aikacin ɗaki kafin ya zare ko ya cusa wani abu. Wasu wuraren suna buɗe maka, wasu sun hana, kayan mutane ne kuma amana ne. Soket ɗin Saudiyya mai ƙafa uku ne irin namu, amma a jiragen ruwa an fi samun na Amurka da na Turai, don haka adaftan soket ya shiga jaka. Doguwar wayar rarraba wuta mai kariyar hawan lantarki kuwa kamfanonin jirage da yawa ba sa barin a shiga da ita.

Wurin saye, kasuwannin mako irin su Gujungu ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis za ka samu filas da igiya a kan tebur, sai dai ba kasafai ake samun talabijin ɗin gwaji a wurin ba. Dongul da adafta na fi son a saye su a Kano, Farm Centre ko Beirut Road, inda za ka ce a jona da wayarka, ba ta mai shago ba. Ka bar bidiyo ya yi minti biyar yana tafiya, ka saurari ko sauti na bin baki, ka taɓa ka ji zafinsa. Idan aike za ka yi ta hannun direba, ka rubuta masa cikakken sunan wayarka da lambar samfurinta a takarda, ka haɗa da hoton bayan talabijin, kuma a yi magana da mai kaya tun kafin a biya cewa in bai yi ba za a dawo da shi mako mai zuwa.