Burushin aski: na roba ko na gashin dabba? Ku ji daga wanda aka taɓa cuta

Duk wanda ke fama da ƙurajen aski a wuya ya san wahalar da nake nufi. Ni nawa sai da suka kai ko maɓallin wuyan kaftani ba na iya sawa ranar Juma'a, shi ne wani abokin aikina ya ce in bar kilifa da wannan kumfar gwangwani, in koma reza da sabulu da burushi irin na mutanen da. Gemuna dai yana nan ban taɓa shi ba, gyaran wuya da gefen kumatu nake yi, sai kuma ƙwalkwabo duk sati biyu. Burushin shi ke haɗa kumfa ya cusa ta cikin gashi, ya jiƙa shi ya tayar da wanda ya kwanta, reza ta wuce ba tare da ka yi ta kankara wuri ɗaya ba. To daga nan ne fa na shiga harkar, kuma yau burushi huɗu ne suka ratsa hannuna, ɗaya kawai ya rage a tagar banɗakina.

Kafin komai ku san cewa idan aka ce na gashin dabba, dabbobi uku ake nufi. Akwai baja, wata dabba ce dangin dage, kusan duk gashinta da ake aiki da shi a duniya daga Chana yake fitowa, don a Ingila ma doka ta hana taɓa ta tun 1992. Akwai doki, ana yanko geza da izga. Na ukun kuwa alade ne. Eh, alade. Kuma shi ne ya fi yawa a kasuwa don shi ya fi araha.

Bari in fara da wanda nake so, ba zan ɓoye ba, na roba ne. Amma ba wancan farin mai kama da zaren kamun kifi da ake jibgewa a faranti tare da cokali mai yatsu da abin yanke farce ba, wancan ko takalmi ba zan goge da shi ba. Nailon ya daɗe, tun 1938 kamfanin DuPont ya fara sa shi a burushin haƙori, kuma na askin da aka riƙa yi da shi a da haka suke, tsinke-tsinke, su soke ka kuma kumfar ta zube. Na yanzu daban ne. An gano yadda za a sirantar da kowane zare ya yi tsini mai laushi a baki kamar gashin gaske, gindin kuma ya tsaya da ƙarfinsa. Mühle na Jamus suna da nasu da suke kira Silvertip Fibre, Plisson na Faransa suna da shi, Simpson suna da Trafalgar, Omega na Italiya ma suna yi, sai Yaqi na Chana wanda shi ne na talaka, kuma shi ne nawa. Baƙi ne mai farin baki, faɗin gindin gashin milimita 24, mariƙinsa irin robar nan mai nauyi kamar dutsen carbi.

Abin da ya sa na manne masa ba wani dogon turanci ba ne, asuba ce. Ka dawo masallaci lokacin hunturu, babu wuta, ruwan bokiti kamar ƙanƙara, yara na jiran banɗaki za su tafi makaranta, uwargida ta ɗora ruwan koko a kan gas ba za ta sauke maka ba. Na gashin dabba sai ka jiƙa shi cikin ruwan ɗumi na ɗan mintuna kafin ya yi laushi, musamman na alade da ke shan ruwa kamar soso. Na roba kuwa tsoma shi kawai za ka yi ka yarfe sau ɗaya, ka murza a kan sabulu, kafin ka ƙirga talatin kumfa ta cika shi har tana gangarowa kan yatsunka, fara tas mai kauri kamar kindirmo. Zaren ba ya shan ruwa, ba ya shan sabulu, duk abin da ya ɗauka fuskarka yake bai wa, shi ya sa sabulun da nake cinyewa da wuri a da yanzu har mantawa nake yaushe na saye shi. Ko da ruwan burtsatse mai ƙin kumfa, wanda 'yan garuwa ke kawo mana, yana ƙoƙari.

Sai kuma damina. Wanda bai zauna Kaduna a watan Agusta ba ba zai gane ba, wanki ma kwana biyu yake a igiya bai bushe ba, takalmin fata ya yi furfura a ƙarƙashin gado. A irin wannan lokaci burushin gashin dabba ba ya bushewa tsakanin aski da aski, can cikin gindinsa danshi na nan, sai ka fara jin wani bashi-bashi, daga nan gashi ya fara zuba. Nawa na roba in na yi aski da safe, kafin azahar ya bushe ƙarau. Na sha jefa shi cikin jaka da ɗan danshinsa in kama jirgin ƙasa a Rigasa, in isa Abuja in fito da shi ba abin da ya same shi. Kuma ranar da ka saye shi ranar yake fara aiki, ba sai ka yi sati uku kana horar da shi kamar ɗan maraƙin huɗa ba.

Yana da aibu? Yana da shi mana. Ba ya riƙe ɗumi, in ka yi kumfa da ruwan zafi nan da nan ta huce. In ba ka yarfe shi ba ruwa zai biyo hannunka har gwiwar hannu ya jiƙa maka singileti. Wasu kuma suna da tsalle, ka danna a kumatu ya ƙi buɗewa, ya watsa kumfa a madubi. Kwana uku na saba.

Na baja, mai kyan cikinsu da ake kira silvertip laushi ne da shi ba ƙarya kuma yana riƙe ɗumi, amma na kirki yana haura dala 100, in ka buga da canjin yau kuɗin buhun shinkafa ne har da canji, don ka shafa sabulu a wuya. Mai arahar cikinsu da ake rubuta wa pure kuwa sau da yawa datse bakin gashin ake yi, sai ya riƙa suka kamar ƙaiƙayi. Na doki, wanda Vie-Long na Sifen suka yi suna da shi, ba laifi, ba a kashe dabbar, sai dai yana cukurkuɗewa a tsakiya kuma samunsa a nan sai an sha wuya. Na alade ban da abin cewa.

To ga inda aka ƙona ni. Shekara biyu da suka wuce na ga wani yana tallar burushi a intanet, hoto mai kyau, kwali mai ruwan zinare, gashin da ratsin baƙi a tsakiya da fari a sama sak irin na baja. Na tambaye shi, ya ce “Alhaji orijina ne, daga waje aka kawo, saura biyu.” Na tura kuɗi, aka aiko min ta mota na je Kawo na karɓa ina ta murna. Ranar farko da na jiƙa shi wani wari ya tashi kamar an jiƙa akuya, na ce ai haka na dabba yake, duk suna yi da farko. Sati biyu sai na lura kumfar na fitowa da ɗan toka-toka, ratsin baƙin nan yana kwaranyewa. Bayan wata ɗaya bakin kowane gashi ya tsage biyu wani uku. Na ɗauka na kai wa wani tsohon wanzami da ke mana aski tun muna yara a Tudun Wada, na ce “Baba dubi abin da na saya, lalacewa ya yi ko?” Ya karɓa ya murza a bayan hannunsa, ya zaro ƙwaya ɗaya ya ɗaga ta a rana, ya ce “Ɗana, wannan kaurin ba na ƙaramar dabba ba ne, je ka bincika da kyau kafin ka sake kai shi fuskarka.” Bai ƙara ko kalma ba, ya ci gaba da wasa askarsa. Da na je na bincika sai na tarar tsagewar baki alama ce ta gashin alade, gashin baja siriri ne kuma ba ya tsagewa haka. Rini aka yi masa. Wata guda cur ina shafa shi a fuska in yi alwala in tafi masallaci. Na kira mutumin, lamba a kashe, na yi masa saƙo ya buloke ni.

Na san masu karatu za su ce ai a Mukhtasar Khalil an ce gashi mai tsarki ne ko da na alade ne in dai yanke shi aka yi ba tugewa ba, kuma haka ne, akwai wannan a mazhabarmu ta Malikiyya, wasu mazhabobin kuma suka tsananta. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Amma wa ya tsaya a masana'antar ya ga yanka aka yi ko tugewa? Kuma ko an ce min ya halatta zuciyata ba za ta kwanta ba. Abokaina Kirista na Sabon Tasha da Barnawa su wannan ba damuwarsu ba ce, wani ma cikinsu na alade yake so don ya ce ya fi tayar da gashi mai tauri, to shi ma ai ya kamata a sayar masa da shi da sunansa da kuɗinsa, ba a caje shi kuɗin baja ba.

Saboda haka ku buɗe ido. In kwali ya ce bristle kawai, ko pure bristle, ko natural bristle, ko boar, to alade ne, kar wani ya lallashe ka da kalmar pure ɗin nan ka zaci tsarki ake nufi. Manyan kamfanoni irin Omega da Semogue na Fotugal ba sa ɓoyewa, suna da na alade mai ratsin baja kuma suna rubutawa ƙarara, ɓarnar daga masu sake kwali take. Akwai kuma wanda ake gauraya baja da alade a ƙulli ɗaya, shi ma a karanta da kyau. In kwalin bai faɗi komai ba, mai shago kuma ya ce maka “gashi ne na asali”, tambaye shi asalin wace dabba, za ka ga ya fara duba silin. Mafi yawansu ba mugunta ba ce, su ma ba su sani ba, dila ya kawo suka saya.

Gwajin ashana yana da amfani amma a san iyakarsa. Zaro ƙwaya ɗaya ka kusanta ta da wuta, in ta narke ta dunƙule kamar ƙwallo tana warin leda, roba ce. In ta yi ƙaurin babbakar kan rago ta zama toka mai murmushewa, dabba ce. Sai dai ba zai gaya maka wace dabba ba, baja da doki da alade duk ƙauri ɗaya suke yi. Wannan ma kaɗai ya ishe ni hujja, na roba shi ne kaɗai za ka iya tabbatar da shi da kanka a tsaye a gaban mai kaya da ashana ɗaya.

Kuma kar ku ɗauka jabun nan sabon abu ne. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya, 1914 zuwa 1918, da gashin baja ya yi wuyar samu, sai aka riƙa yin na kwaikwayo da gashin doki wanda ba a tsabtace shi yadda ya kamata ba, sojojin Ingila da na Amurka suka riƙa kamuwa da cutar antiras a fuska da wuya, cutar nan da makiyaya ke cewa saifa, wadda aka yi ta jan kunne a kanta a 2023 har aka ce a yi hattara da ganda. Na yanzu daga kamfanonin kirki ana tsabtace su, ba ina tsorata kowa ba ne. Amma tsohon burushi na gwanjo da ba ka san fuskar da ya bi ba, ko wanda ba suna ba kwali, bar shi inda ka gan shi ko kyauta aka ba ka.

Na robar ma ana cuta a ciki, kar a ce ban faɗa ba. Akwai burushin kaɗe gashi da masu shagon aski ke share wa mutum wuya da shi bayan an gama, wasu shi suke miƙo maka, ba ya haɗa kumfa, laɓe-laɓe ne kawai. Akwai mai mariƙi mai ƙyalli kamar ƙarfe alhali roba ce aka fesa, ka ƙwanƙwasa da farce za ka ji holoƙo, wata biyu fentin ya ɓare. Mariƙin katako yana da kyan gani amma hunturu ɗaya da damina ɗaya sun isa su tsaga shi. Ka kama gashin ka ɗan ja, in ƙwaya biyar shida suka biyo hannunka gam ɗin ba shi da kyau, ajiye. Ka goga bakin a cikin hannunka wajen da fata ke da laushi, in ka ji suka to a wuyanka sai ta fi haka. Ka leƙa gindin ko gam ya malalo ya daskare. Faɗin gindin gashi kuma milimita 22 zuwa 24 ya ishi mai gyaran wuya da saje, mai aske kai gaba ɗaya zai fi jin daɗin 26.

In za ka saya ta intanet, nemi mai kayan ya yi maka bidiyo yana riƙe da shi ya juya gindin mariƙin ka ga tambari, kuma in da hali kar ka biya sai kaya ya iso. Wanda ya ce saura biyu ka yi sauri, gudu. Ni na ƙarshen nan ta hannun wani ɗan'uwa mai oda daga Chana na same shi, ya sa min cikin kayansa, sai da na jira kusan wata guda.

Kula da shi ba wuya, ka ɗauraye har ruwan ya fito fari, ka yarfe, ka goga a tawul ka tsayar da shi inda iska ke shiga. Ban da tafasasshen ruwa, yana kashe gam kuma yana lanƙwasa zaren. Ranar ƙwalkwabo nakan sa nawa a aljihu in tafi da shi wajen Baba tare da sabuwar reza, da farko dariya yake min wai na zama bature, ran nan kuwa bayan ya gama ya ɗauraye shi ya juya shi a hannu ya daɗe yana kallo, sai ya ce in ɗan'uwan nan nawa zai sake oda a sa masa guda biyu.