Idan takalmin taya ya gundure ka: wanne za ka saya, wanne za ka bari a shago

Yawancin masu wasan takalmin taya a Birnin Kebbi da Gusau sukan kai wani mataki, bayan shekara ɗaya ko biyu, da takalmin zai koma ƙarƙashin gado yana shan ƙura. An iya tafiya, an iya juyawa, an iya tsayawa, to sai me kuma? Layi ɗaya ake bi kullum, wanda kwaltarsa ta fi sumul, a je a dawo har a haddace ramukansa. Mai takalmi sai ya zaci sha'awa ce ta mutu, alhali sau da yawa takalmin ne ya kai iyakarsa. Tayarsa ƙarama ce, milimita 72 ko 76, ta cinye ta gefe ɗaya, boris ya cika da yashi yana kuka, tsakuwa guda ta isa ta kifar da mutum. Da irin wannan kaya a ƙafa hanya ɗaya ko biyu kawai ke karɓarka a duk faɗin gari, dole ka gaji.

Masu zamiyar ƙanƙara a ƙasashen sanyi, waɗanda wasanmu ɗan'uwan nasu ne, idan gangara ɗaya ta ishe su sukan canza abin da ke ƙafarsu don su iya shiga wani wurin. Shawarar ke nan a nan ma. Sai dai kuɗi sun yi wuyar samu, kuma kasuwar cike take da tarkace, don haka a san abin da za a ɗauka tun kafin a buɗe jaka.

Mu fara sallamar waɗanda ba su dace da titunanmu ba. Mai taya huɗu biyu-gaba biyu-baya na daɓen ɗaki ne mai sheƙi, kan kwaltarmu wahala ce zalla. Mai ƙananan tayoyi na tsalle da goga ƙarfe, wanda tayarsa ba ta wuce milimita 60 ba, yana buƙatar filin da aka gina don shi. Allon taya zai mayar da kai ɗan koyo daga farko, kuma shi ma tsakuwa ce ajalinsa. Na tsere mai gajeren wuya bai riƙe idon sawu, na 'yan gasa ne. Akwai mai tayar iska na shiga jeji, yana da kyau a bidiyo, amma nauyi gare shi da tsada, kuma duk wanda ya taɓa tura keke cikin tsidau ya san yadda labarin zai ƙare.

Zaɓi na gaskiya biyu ne: mai taya huɗu a jere masu milimita 80, da mai taya uku masu milimita 110.

Mai 80 huɗu yana da mutanensa. Yana kusa da ƙasa, yana juyawa da sauƙi, kuma shi ne na wasan ratsa kofuna. Ka jera ƙananan kofunan roba 20 a layi, santimita 80 tsakanin kowane biyu, a kan daɓen siminti ko filin ƙwallon kwando, ka samu aikin da zai ci maka watanni: ratsawa da ƙafa biyu, da ƙafa ɗaya, da baya, da giciye. Masu wannan salo sukan sa taya mai milimita 76 a gaba da baya, masu 80 guda biyu a tsakiya, sai ƙasan takalmin ya ɗan yi baka, juyi ya zo da sauri. Ga wanda ke da fili mai kyau kusa da gida da abokai biyu ko uku, wannan ya wadatar. Matsalarsa ita ce yana barinka inda kake, a fili ɗaya.

Mai 110 uku kuwa gari yake buɗe maka. Babbar taya tana haye tsagar kwalta, da haɗin intalok, da ƙananan tsakuwa, wuraren da ƙaramar taya ke cijewa ta jefa ka gaba. Girgizar da ke sa tafin ƙafa ya mutu bayan minti ashirin tana raguwa sosai. Idan ka tura sau ɗaya takalmin yana riƙe gudunsa, ba sai ka yi ta fafutuka ba, don haka tazarar da da take gajiyar da kai yanzu ɗumama jiki ce. Titin da ka soke a lissafinka saboda kaushi sai ya dawo ciki. Mutumin da ke zagaye layi ɗaya a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi zai iya tsara zagayen da ya ratsa unguwanni uku bayan sallar asuba, lokacin da kwalta ba ta yi zafi ba kuma 'yan kabu-kabu ba su cika hanya ba, gobe kuma ya bi wata. Wannan canjin hanya shi ne ke dawo da ɗoki. Akwai kuma lissafin gyara: taya shida da boris 12, maimakon taya takwas da boris 16. Kowace taya ta fi tsada, amma tana da nama, tana daɗewa.

Yana da nasa sharuɗɗan, kada a ɓoye. Zai ƙara maka tsayi da kusan santimita uku, kuma a makon farko idon sawu zai riƙa karkata ciki. Maganin wannan takalmi mai taurin jiki ne, na roba mai ƙarfi da soson ciki da ake cirewa, mai maɗauri uku: igiya, da maɗaurin da ya ratsa saman ƙafa ya danne dunduniya, da na wuya. Mai laushin jiki irin na yadi kan babbar taya lanƙwashewa yake yi. Idan har yanzu ƙafa tana faɗawa ciki, sassauta ƙusoshi biyun da ke riƙe firam, wato ƙarfen da tayoyi ke jere a cikinsa, ka matsar da shi ciki milimita ɗaya ko biyu, ka ɗaure, ka gwada. Sannan da yawansu ba sa zuwa da birki. Wanda bai iya jan ƙafa ɗaya a baya a giciye ya tsaya ba, ya koya tukuna kafin ya hau titi. Mai tayar milimita 125 kuma a bar wa masu dogon zango a hanya miƙaƙƙiya. Cikin gari da Keke Napep ke tsayawa ba sanarwa, tsayinsa ya yi yawa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a ciniki shi ne firam ya kasance ana kwance shi. Juya takalmin, ka zare soson ciki, ka duba. Idan ƙusoshi biyu ne masu kan alanki, ɗaya a gaba ɗaya a dunduniya, auna tsakaninsu da tef ɗin tela. Milimita 165 shi ne ma'aunin da ya fi yawa, kuma da shi za ka iya sayen firam na 80 huɗu daga baya ka ɗora kan takalmi ɗaya: yau yawo, jibi kofuna. Kamfanin Powerslide yana da nasa tsarin mai ƙusa uku da ake kira Trinity, mai kyau ne, amma firam ɗin 165 ba ya hawansa, nasa ma ba ya hawa 165. Idan kuwa ka ga an dasa firam da ribit, ko an zuba shi tare da takalmin, ajiye. Ranar da ya tsage, takalmin gaba ɗaya ya tafi.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta.

Taya ta farko. Ta ƙwarai da wata roba ake yinta mai suna PU, jabu kuma da robar bokiti. A ido kusan ɗaya suke, har jabun ta fi ƙyalli. Sa a kwance maka ɗaya, ka sake ta daga tsayin ƙugu kan siminti. Ta ƙwarai za ta yi tsalle ta dawo sama sosai, jabu za ta yi ƙwas ta gangara gefe. Wannan mai ƙwas ɗin ba ta kama kwalta, kuma a kwana, musamman inda ƙurar hunturu ta kwanta, zamewa take yi ba gargaɗi. Mai shagon da ya ce ba za a kwance ba, ya riga ya ba ka amsa. Duba lambar tauri a jikin tayar: 85A ko 86A ne daidai da titunanmu. Ƙasa da 82A zafin watan Afrilu da kaushin kwalta za su cinye ta cikin ɗan lokaci, sama da 88A kuma haƙoranka za su riƙa haɗuwa. Matsa robar da babban yatsa inda ta haɗu da ƙashin tsakiya. Idan ta buɗe ko da siririn layi ne, ta fara rabuwa, kuma a guje take ƙarasawa.

Sai boris, inda ƙarya ta fi yawa. Za a nuna maka kwali an rubuta ABEC 11 ko ABEC 13 da manyan baƙaƙe. Ma'aunin ABEC yana da 1, 3, 5, 7 da 9 ne kawai, kuma daidaiton ƙira yake aunawa, ba gudu ba. Kowa na iya buga lamba a murfi. Mai sayarwa zai kuma kaɗa taya da hannu ta yi ta juyawa yana cewa “ka gani, Alhaji?” Boris ɗin da babu mai a cikinsa ya fi kowanne daɗewa yana juyawa a iska. Abin dubawa shi ne ka riƙe tayar ka girgiza ta gefe da gefe: kada ta yi wasa, kada ta yi ƙara kamar yashi a gwangwani. Sannan ka tabbata akwai ɗan bututun ƙarfe tsakanin boris biyun. Masu arha sukan cire shi, kuma idan babu shi, ka ɗaure ƙusa taya ta ƙi juyawa, ka sassauta ta riƙa rawa. Abin sauƙin shi ne lambar boris ɗin 608 ce, irin da ke cikin ƙananan injina da yawa, masu kayan gyaran lantarki suna da shi. Nemi mai murfin roba, wanda aka rubuta 2RS, ya fi tare ƙura.

Firam ma ana yi masa kwalliya. Akwai na roba da aka fesa wa fentin azurfa. Ƙwanƙwasa shi da makulli, alminiyam yana amsawa da ƙara, roba shiru. Akwai kuma na alminiyam siriri da aka lanƙwasa kamar kwanon rufi. Matse bangarorinsa biyu da hannu, idan suka motsa, ba zai ɗauki babban mutum a kan taya 110 ba.

Gwanjo yana iya zama alheri, don takalmin ƙwarai na hannu ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Amma roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Wasu da ke fitowa daga dila sun shekara ashirin a ɗakin ajiya a Turai, suna nan tsaf kamar sababbi, ranar farko wuyan ya fashe kamar ƙwarya. Lanƙwasa wuyan gaba da ƙarfi a gaban mai kaya, ka duba kusa da ƙusoshin gefe ko fararen layuka sun fito. Ja maɗaurin ka ji haƙoransa suna kamawa. Haɗa tafin biyun ka ga tsawonsu ɗaya ne, don a dila ana haɗa 42 da 43 a ɗaure da igiya. Sa alanki mai lamba 4 a kan kowace ƙusar taya; wadda kanta ya cinye ba za ta kwantu ba sai an kai wa mai walda. Idan ka ga an maye gurbin wata da ƙusa da noti na kasuwa, noti zai riƙa kartar ƙasa a kwana.

Masu sayarwa ta Facebook da Instagram da WhatsApp su ne babi mafi tsawo. Hoton da aka ɗauko daga shafin kamfani ba shaida ba ce. Ana buga sunayen Rollerblade da FR da Seba da Flying Eagle a jikin abin da bai taɓa ganin masana'antarsu ba, wani lokaci har da kuskuren harafi. Ka nemi a kira ka ta bidiyo, a juya takalmin ka ga ƙusoshin firam, a zare soson ciki, a nuna takardar lamba a harshensa, a sake taya kan ƙasa kana kallo. Wanda ya ce “network” ba kyau kwana uku a jere, rabu da shi. Kada ka tura kuɗi gaba ɗaya don an ce saura ɗaya ya rage. Idan daga Kano ko Legas kayan za su taso, ka samu wani naka can ya gani da ido kafin a kai tasha, kuma a yi magana a rubuce cewa za a canza idan bai shiga ba. Lamba kuwa kada ka ba da ta takalmin sallarka. Taka takarda da yamma, dunduniya jingine da bango, da safar da za ka riƙa sawa, ka auna zuwa yatsan da ya fi tsawo da santimita, ka auna ɗayar ma, ka ba da mafi tsawo a duba a jadawalin kamfanin. Yatsa ya taɓa gaba kaɗan idan kana tsaye, ya janye idan ka durƙusa gwiwa. Mai ƙara girma da maɓalli na yara ne.

Ka ware wani abu daga kuɗin don hular kwano da kariyar tafin hannu da ta gwiwa, saboda faɗuwa a kan 110 da gudu take zuwa. Riƙe bayan mota ko Keke Napep don neman armashi shi ne abin da gajiya da wasa ke jawowa, kuma ba takalmin da aka ƙera don wannan. Sabon nisan da ka samu ma ka kashe shi cikin gari, kada santsin hanya ya ja ka bayan gari kai kaɗai.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura za ta shiga boris ko yaya murfinsa yake. Duk mako uku ko huɗu, ko da zarar ka ji ƙara, kwance tayoyin, ka ɓalle murfin roba da allura, ka jiƙa boris cikin kananzir a ƙaramar kwalba, ka girgiza, ka canza kananzir har ya fito fes. Bar shi ya bushe sarai, ɗigo biyu na man keken ɗinki ya isa kowanne. Mai da yawa ƙura yake kira. Wajen mayarwa juya gefen tayar da ya cinye ya kalli waje, ka kai na dama hagu, na hagu dama. Da damina, idan ruwa ya taɓa su, a ranar za ka yi wannan aikin, don kafin gari ya waye tsatsa ta kama. Kuma kada a bar takalmin cikin but ɗin mota ko kan rufin kwano da rana, zafin Maris da Afrilu yana sakin gam ɗin soson ciki yana kuma karkatar da wuya.