PHA da PPD: me ya sa ɗaya ya yi sauri, ɗaya ya yi shiru?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya da dare. Kin ce a gwajin da kike yi na rabuwar fararen ƙwayoyin jini a ɗakin gwaji, da sinadarai biyu masu tayar da su, PHA da PPD, kin raba jinin mutum ɗaya gida biyu a ramukan farantin gwaji, wanda kika sa wa PHA ya cika da ƙwayoyi a kwana 3, na PPD kuwa ko motsi babu, kina tsoron ko aikin ya lalace. Don Allah kada ki zubar da farantin nan. Abin da kika gani daidai ne.

Ba duk fararen ƙwayoyin jini ne ke hayayyafa ba. Nutrofil, waɗanda suka fi yawa a cikinsu, ba sa rabuwa, kuma ba sa daɗewa a wajen jiki. Masu rabuwa su ne limfosayit, musamman ƙwayoyin T. Su ne ke cikin farin zoben nan da kike tsotsewa a saman Ficoll, ruwan da ake tace ƙwayoyin jini da shi, tare da monosayit, wasu fararen ƙwayoyin masu haɗiye baƙin abu.

PHA furotin ne daga jan wake, ba irin namu na ƙosai da alala ba. A 1960 Peter Nowell na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka yana amfani da shi don ya dunƙule jajayen ƙwayoyi ya ware su, sai ya lura fararen sun fara rabuwa. Kafin nan ana ɗaukan limfosayit ƙwayar da ta gama girma, ba ta ƙara haihuwa. PHA yana manne wa sukarin da ke jikin ƙwayar T ne, bai damu da wace cuta ta sani ba. Kamar mai shela ne ya shiga Kasuwar Bacci da lasifika: kowa ya ji, kowa ya miƙe. Shi ya sa a kwana na biyu, in kika leƙa madubin ƙara girma, za ki ga ƙwayoyin sun kumbura sun cure wuri guda kamar ƙwan kwaɗi, jan ruwan RPMI ɗin da ake renon su a ciki ma ya fara juyawa ruwan ɗorawa saboda tsamin da suke fitarwa. Wajen awa 72 abin ya kai ƙololuwa.

PPD kuwa daga ƙwayar tarin fuka aka samo shi, kuma kiran mutum da sunansa ne a tsakiyar kasuwar. Sai monosayit ta haɗiye shi, ta gutsuttsura, ta ɗora guntun a jikinta ta nuna. Daga nan sai ƙwayar T da ta taɓa saninsa kaɗai za ta amsa, kuma irinta 'yan kaɗan ne cikin dubbai. Ita za ta fitar da IL-2, sinadarin da ke ingiza rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu. Kafin taron ya kai a gan shi, sai kwana 5 zuwa 7. A kwana 3 ko an fara, idonki ba zai kama ba.

Wanne ya fi? Ni a ganina tambayoyi biyu ne daban. PHA na tambaya: ƙwayoyin nan suna da rai da ƙarfin tashi? Da shi ake duba jaririn da ake zargin an haife shi da raunin garkuwar jiki, da shi kuma ake samun ƙwayoyi masu rabuwa a ƙirga kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da gado, 46 ne kamar yadda aka saba ko 47. PPD na tambaya: jikin nan ya taɓa haɗuwa da wannan abu? A nan ki yi hattara ƙwarai. Mu nan ana yi wa jarirai allurar BCG ta rigakafin tarin fuka tun haihuwa, kuma PPD yana iya tayar da ƙwayoyin wanda aka yi wa ita. Amsarsa ba hujjar cewa mutum na da tarin fuka ba ce, kada ki rubuta haka a aikinki.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibai su sa antijin, wato abu irin PPD, shi kaɗai ba PHA a gefe. Na taɓa yin wannan kuskure. An kawo min jini daga wajen gari a watan Afrilu, ya sha rana a mota, na sa PPD, na jira kwana 6, babu komai. Na kusa rubuta cewa mutumin bai amsa ba, alhali ƙwayoyin sun mutu tun a hanya. Da akwai ramin PHA a gefe, da tun kwana na uku na gane. Ke naki PHA ya tashi, wato ƙwayoyinki lafiya lau. Ina fata kin bar ramukan da ba ki sa wa komai ba, don da su za ki auna sauran.

Yanzu abin da zai iya cutar da ke ɗaukewar wutar lantarki ce. Ƙwayoyin suna son digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari, ba yankewa. Tsare wannan na kwana 3 da sauƙi, na mako guda a Kaduna sai da shiri. Ki yi magana da mai kula da janareta tun yau, ki rage buɗe ƙofar inkubeta, akwatin ɗumin da ƙwayoyin ke ciki, ki duba ruwan tiren ƙasa kada ya ƙafe. Ki rubuta sakamakon PHA yanzu kafin ƙwayoyin su cinye abincinsu su fara mutuwa, na PPD kuma ki bar shi sai kwana na 6, sannan ki turo mana hoton ramukan mu duba tare.